Groot Constantia: Farin Gidan Gonar Inabi da Hannayen da Suka Gina Shi

A bayan Dutsen Tebur, kudu da birnin Cape Town, akwai wani kwari mai ni'ima da ake kira Constantia. A nan ne gidan gonar inabi mafi tsufa a Afirka ta Kudu yake, wato Groot Constantia, wanda aka kafa a 1685. Hotonsa ya zaga duniya: bango fari fat, rufin jinka mai duhu, dogon goshi a saman ƙofa, da jerin manyan itatuwa masu raka baƙo har bakin dakali. 'Yan yawon buɗe ido sukan tsaya su ɗauki hoto su wuce, a zatonsu sun ga gidan wani Baturen Holan kamar yadda ya bar shi shekara ɗari uku da suka gabata. Amma ginin da ke tsaye a yau an sāke shi fiye da sau ɗaya. Kuma duk wanda ya bi shi daki-daki, daga kaurin bango har zuwa inda aka ajiye barga da ɗakunan bayi, zai gane yadda aka yi mulki a wannan yanki, da kuma gumin su wa aka ci.

Kamfanin kasuwancin Holan na gabashin Indiya, wanda aka fi sani da VOC, ya kafa zango a Cape a 1652 domin jiragen ruwansa masu zuwa Asiya su riƙa samun ruwan sha, nama da ganye. A watan Fabrairun 1659 shugaban zangon, Jan van Riebeeck, ya rubuta cewa an matse inabin Cape a karon farko. Giyar da aka yi ta yi a shekarun da suka biyo baya ba ta da wani daraja, ta matuƙan jirgi ce kawai. Simon van der Stel, wanda ya karɓi ragamar mulkin Cape a 1679, shi ne ya so ya nuna cewa ƙasar za ta iya fin haka. A 1685 wani babban jami'in kamfanin da ya zo bincike, Hendrik Adriaan van Rheede, ya ba shi fili mai faɗin kimanin hekta 760. Filin nan ba kango ba ne. Makiyayan Khoikhoi, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna kiwon shanu da tumakinsu a waɗannan gangarori, kuma takardar mallakar da kamfanin ya bayar ba ta tambaye su ba.

Van der Stel ya iya zaɓen wuri. Gangaren Constantiaberg, dutsen da ke saman kwarin, yana samun ruwan sama a watannin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta, sannan da bazarar can iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas tana tasowa daga tekun False Bay ta rage zafi. Saboda haka 'ya'yan inabi suna nuna a hankali, ba sa ƙonewa. Daga baya masu gonar suka ƙware wajen barin nonon inabi a jikin kurangarsa har ya fara yanƙwanewa ya kusa zama zabibi, zaƙinsa ya taru, sannan a tsinke. Daga wannan ne aka samu giya mai zaƙi da ta kai sunan Constantia fadojin Turai.

Ga wani abu da tarihin da aka koyar a zamanin wariyar launin fata bai cika son ambata ba. Shi kansa Van der Stel an haife shi ne a cikin jirgin ruwa a 1639, a hanyar tsibirin Morishas inda mahaifinsa zai zama gwamna, kuma kakarsa ta wajen uwa baiwa ce 'yar Indiya da aka 'yanta. Ya ajiye mulki a 1699, ya zauna a gonarsa har ya mutu a 1712. Da aka raba gonar aka sayar, ɓangaren da ke da babban gida ya faɗa hannun Oloff Bergh, wani hafsan soja ɗan Suwidin. Matarsa Anna de Koningh bacucaniya ce, a cikin bauta aka haife ta, 'yar wata baiwa mai suna Angela da aka kawo daga Bengal. Da mijin ya mutu a 1724, Anna ce ta riƙe Groot Constantia har wajen shekara goma. Kada a ɗauka wannan labarin nasara ne mai faranta rai daga farko zuwa ƙarshe, domin ita ma bayi ne suka yi mata noma. A maƙwabtaka kuma, a wani yanki na tsohuwar gonar, akwai Johannes Colijn, wanda shi ne ya buɗe wa giyar Constantia kasuwa a Turai a shekarun 1720 da 1730. Mahaifiyarsa Maria Everts 'yar Evert da wata Anna dabam ce, bayi daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma, cikin waɗanda aka sauke a Cape a 1658. Ashe ke nan jikan mutanen wannan yanki namu yana cikin waɗanda suka ɗaga sunan wurin. Abin da wannan ke nunawa shi ne katangar launin fata da aka gina daga baya ba a same ta a tsaye tun farko ba. A hankali aka ɗora ta, aka kuma share sunayen da ba su dace da ita ba.

Siffar gidan da ake gani yanzu ta zamanin Hendrik Cloete ce, wani attajirin manomi daga Stellenbosch da ya sayi gonar a 1778 lokacin da ta lalace. Ya sake dasa kuranga, ya gyara gine-gine, kuma zuwa shekarun 1790 ya ba gidan fuskar da aka san shi da ita. A nan ne ya kamata a tsaya a duba ginin da kyau, domin kusan kowane abu a jikinsa yana da dalili.

Mu fara da bango. Tubalin da ake gasawa a Cape a wancan zamani ba shi da ƙwari, itacen gasa shi ma yana da wuyar samu. In aka bar shi tsirara, ruwan sanyin da iska ke watsowa a kaikaice zai cinye shi cikin 'yan shekaru. Don haka magina suka riƙa yin bango mai kauri sosai, su haɗa da laka, su yi masa yaɓe, sannan su shafe shi da farar ƙasa da ake samu daga ƙona ɓawon dodon koɗin teku. Duk shekara ko biyu sai an sake shafawa. Farin da mutane ke sha'awa a hoto asalinsa rigar ruwa ce ga bango mai rauni, kuma wannan shafe-shafen da ba ya ƙarewa wani ne ke hawa tsani yana yinsa. Kaurin bangon kuma yana riƙe sanyi a cikin ɗaki da bazara, abin da duk wanda ya kwana a ɗakin ƙasa ya sani.

Sai faɗin ɗakuna. Katakon da ake shimfiɗawa a ɗora rufi iyakarsa tsawon gungumen da aka samu a daji, don haka ɗaki ba ya iya wuce wani faɗi, kusan mita shida. Wanda ya yi arziki yana son babban gida ba shi da halin faɗaɗa ɗaki, sai dai ya ƙara wani reshe a jiki. Shi ya sa gidajen gonakin Cape suke da siffar harafin T, ko H, ko U in an hango su daga sama. Groot Constantia mai siffar U ne: dogon gaba, da fikafikai biyu da suka miƙa baya suka rungume ƙaramin tsakar gida. Baƙo yana hawa dakali, ya shiga ɗakin gaba inda ake tarbar mutane, a bayansa akwai babban falo na cin abinci da zaman iyali, ɗakunan kwana a gefe, madafi kuma can ƙarshen reshe. Da zarar ka shiga ka san iyakar inda aka yarda ka kai, domin jerin ƙofofin da kansu suna tantance wa ke tsayawa a gaba, wa ke shigowa ta baya.

Rufin na ciyawa ne, wata irin ciyawa mai tauri da ke tsirowa a yankin Cape, wadda ake baibaya da ita da kauri a kan jinka mai tsayi domin ruwa ya zurare da sauri. Tana da arha, tana hana zafi, amma abokiyar gobara ce, balle a wurin da iska ke kaɗawa kwana da kwanaki. Magina suka samo dabara. A saman katakon silin sukan shimfiɗa laka mai kauri, wani lokaci da tubali a kai, domin in jinka ta kama da wuta, garwashin ya faɗo kan lakar, a samu lokacin fitar da mutane da kaya. Sararin da ke tsakanin wannan daɓen da jinkar kuma ya zama ma'ajiyar hatsi da busassun 'ya'yan itace.

Goshin gidan, wato bangon nan da ya ɗaga sama a tsakiyar fuska ya zarce rufi, shi ma da aikinsa. Yana tare ruwan da ke ɗigowa daga jinka kada ya sauka kan mai shiga, yana ba da wurin sa taga domin haske ya shiga ma'ajiyar sama, kuma in gobara ta tashi yana hana ciyawa mai ci faɗowa ta toshe ƙofa. Amma aikinsa mafi girma shi ne shela. Yadda mai hali a Kano ko Zinder yake zuba zane a fuskar zaurensa ya ɗora zanko domin mai wucewa ya san gidan wane ne, haka manomin Cape yake zuba dukiyarsa a goshi. Na Groot Constantia siriri ne dogo, gefensa a lanƙwashe, samansa da ɗan kusurwa uku, kuma a cikin wata alkuki a jikinsa an tsayar da mutum-mutumin wata mace da ke wakiltar yalwa. Tagogin manya ne masu ɗagawa sama, da ƙananan gilasai a jere, da ƙyamaren katako masu rufe rabin ƙasa. Kayan ginin kansu sun fito daga ko'ina cikin daular kamfanin: katako mai ruwan ɗorawa daga dazukan Cape don silin da daɓe, katakon tik daga gabas don ƙofa da taga, ƙananan tubala masu tauri daga Holan waɗanda jirage ke zuwa da su a ciki don su daidaita nauyinsu, ana jera su a matakala da bakin dakali inda ƙafa ta fi ci.

A bayan gidan Cloete ya gina dogon ɗakin matsa da ajiyar ganguna, wanda aka kammala a 1791. Ana danganta tsarinsa ga Louis Michel Thibault, masanin gini Bafaranshe da ya zo Cape a 1783. Adon da ke saman ƙofarsa kuwa aikin Anton Anreith ne, Bajamushe da ya zo a matsayin sojan kamfani ya zama babban mai sassaƙa na yankin. Ya zana wani saurayi na tatsuniyoyin Girka, Ganymede, a kan gaggafa yana tsiyaya giya, yara ƙanana sun kewaye shi da nonnan inabi. A ganina wannan ginin ya fi babban gidan faɗar gaskiya. Ɗakin aiki ne, wurin da ake tattake inabi ana jan ganguna, amma an ba shi fuskar fada, domin shi ne ke kawo kuɗin, kuma shi ne masu saye daga jiragen ruwa ke zuwa gani. An kuma ajiye shi daidai saitin gidan, yadda maigida zai tsaya a ƙofar baya ya ga komai. Sauran gine-ginen, barga, ɗakin keken doki, makwancin bayi da ma'aikata, an jera su a gefe cikin farfajiya mai katanga. Babu abin da aka yar a inda aka ga dama. Tsari ne na sa ido.

Sunayen Cloete da Thibault da Anreith suna nan a rubuce. Waɗanda suka kwaɓa laka, suka ƙona farar ƙasa, suka yi yaɓen nan mai lanƙwasa a goshi fa? Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an shigo da bayi kusan 63,000 Cape tsakanin 1652 da 1808, akasarinsu daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya. A takardun gado ana jera su tare da ganguna da shanu, da sunan da ubangida ya laƙaba musu, sau da yawa sunan watan da aka saye su, sannan a ƙara inda aka ɗauko su: wane na Bengal, wane na Mozambik, wane na Cape in a nan aka haife shi. Cikinsu akwai ƙwararrun magina, kafintoci, maƙera da masu haɗa ganga, kuma mai bawa irin wannan yakan ba da hayarsa ga maƙwabta ya karɓi kuɗin. Akwai wani zane na Hendrik Cloete da ya tsira har yau: yana zaune yana karta, doguwar lofe a bakinsa, wani bawa a tsaye kusa da shi yana riƙe masa ƙarshenta domin hannuwansa su samu sararin riƙe kati. Wanda ya zana bai ga wani abin kunya a ciki ba, shi ya sa zanen yake da amfani gare mu.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da gidan masu giya. Tambayar tana kan hanya, amma kwarin nan yana cikin wuraren da Musulunci ya fara kafa ƙafa a Afirka ta Kudu. A ƙarshen shekarun 1660, tun kafin a ba Van der Stel filin, kamfanin ya kawo wasu shugabannin Musulmi da ya kama a Sumatra, ya tura biyu daga cikinsu dajin Constantia: Shehu Abdurrahman Matebe Shah da Sayyid Mahmud. Kaburburansu suna nan a kwarin, na farkon a cikin gonar inabin Klein Constantia, kuma Musulmin Cape suna ziyartarsu har gobe. A 1694 kuma Van der Stel da kansa ne ya tarbi Shehu Yusuf na Makassar, malamin da Holan suka kora daga gabas, aka ajiye shi a Zandvliet nesa da gari har ya rasu a 1699. Daga baya wata doka ta 1770 ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma, sai iyayengiji suka daina ƙarfafa wa bayinsu shiga Kiristanci don kada dukiyarsu ta maƙale. Wasu kuma sun fi son bawa Musulmi a kusa da ganguna saboda ba ya sha. Ta waɗannan ƙofofi, da kuma ƙoƙarin malamai da ke karantarwa a ɓoye, addinin ya yaɗu cikin bayi da 'yantattu. Sana'ar gini da yaɓe ta daɗe a hannun iyalan Musulmin Cape, kaka da kakanni. Saboda haka wanda ya ɗaga kai ya yaba goshin irin waɗannan gidaje, sau da yawa aikin hannun masu salla yake yabawa.

Zuriyar Cloete ta riƙe gonar fiye da shekara ɗari. Kamfanin Holan ya tilasta musu sayar masa da wani kaso a farashin da shi ya yanke, amma saura ya isa ya sa su cikin manyan attajiran yankin. Napoliyon, lokacin da yake tsare a tsibirin St Helena daga 1815 zuwa 1821, ana kai masa giyar Constantia. Sannan abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Birtaniya, wadda ta karɓe Cape daga Holan, ta soke bauta a ranar 1 ga Disamba 1834, ko da yake an tilasta wa 'yantattun ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838, diyya kuma masu bayi aka biya, ba bayin ba. A 1859 cutar fumfuna ta faɗa wa kuranga. Jim kaɗan Birtaniya ta sassauta haraji kan giyar Faransa, kasuwar Cape ta faɗi. A 1872 kotu ta ayyana Jacob Pieter Cloete a matsayin wanda ya karye, kuma a 1885 gwamnatin Cape ta sayi gonar a kan fam 5,275. Shekara guda bayan haka aka gano ƙwaron filoksera mai cin saiwar inabi a Cape. Gonar ta zama wurin gwaji, inda ake renon saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron ana yi mata aure da irin Turai.

Soke bauta bai kawar da ɗabi'ar da ta fi kowace muni a gonakin inabin Cape ba, wato biyan ma'aikaci wani ɓangaren ladansa da giya, ana auna masa sau da yawa a yini. An fara ta da bayi, aka ci gaba da ita da jikokinsu. Doka ta hana ta a farkon shekarun 1960, amma ta ci gaba a wasu gonaki har shekaru masu yawa bayan nan, kuma yankin Yammacin Cape yana cikin wuraren da aka fi haihuwar jarirai da lahanin barasar da uwa ta sha a duk duniya. Ba zan iya kallon farin bangon nan ba tare da wannan ya faɗo mini a rai ba.

A watan Disambar 1925 abin da magina suka yi ta gudu ya faru. Wuta ta kama jinkar, ta cinye rufi da yawancin katakon ciki, ta bar bangwaye da goshi a tsaye baƙi ƙirin. Aka ɗora wa masanin gini F. K. Kendall aikin maido da gidan, ya yi shi cikin shekarun 1926 da 1927, wani attajiri mai suna Alfred de Pass kuma ya yi ta ba da tsofaffin kujeru, kabad da tangaran na zamanin don a ƙawata ɗakunan. Kendall ya yi aiki da kulawa, ba na musun wannan. Sai dai gyara irin wannan zaɓi ne. A lokacin, shekara goma sha biyar kacal bayan haɗe ƙasar a 1910, Turawa masu jin Ingilishi da masu jin Afirkans suna neman wani gado da zai haɗa su, kuma gidajen nan masu farin goshi suka zama tambarinsu. Sai aka maido da gidan a matsayin gidan mai martaba ɗan Turai, da falo mai ƙyalli da agogon bango, aka bar labarin waɗanda ke kwana a ɗakunan baya. Kayan da baƙo ke gani a ciki ba na Cloete ba ne, an tattaro su ne daga wurare dabam-dabam domin su ba da wani hoto da ake so. A 1936 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa.

Sharewar ta kai ga mutane masu rai. A farkon shekarun 1960 gwamnatin wariya ta ayyana Constantia a matsayin yankin farar fata zalla. Iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, waɗanda kakanninsu suka yi bauta a waɗannan gonaki, su kuma suka zama masu noman furanni da ganye a ƙananan filayensu, aka kwashe su aka zube a unguwannin rairayi na Cape Flats. Masallatansu da majami'unsu da maƙabartunsu suka rage a kwarin, sai dai su shigo mota daga nesa su yi ibada su koma.

Tun 1993 wata gidauniya ce ke kula da gonar, har yanzu kuma ana noman inabi a cikinta. Babban gidan yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Iziko, wadda ta ƙara baje koli kan bauta a gonar, da sunayen bayin da aka iya tsamowa daga takardun gado da na ciniki. Wannan gyara ne da ya dace, ko da yake ya makara, kuma yawancin baƙi har yanzu ɗakin ɗanɗana giya suke nufa kai tsaye. Batun fili kuwa bai mutu ba. Bayan 1994 iyalan da aka kora sun shigar da ƙorafin neman a maido musu da filayensu. Kaɗan sun samu, bayan doguwar shari'a, wasu an ba su kuɗin da bai kai ya sayi ko ɗaki guda a kwarin ba, domin Constantia a yau tana cikin unguwannin da fili ya fi tsada a duk Afirka ta Kudu.